Litinin Ɗin da Ban Je Ba

Laraba, bayan an tashi aiki

Manaja ya kira ni ofishinsa yau. Ya ce in zauna, ya turo mini kwalin tishu tun kafin ya buɗe baki. Daga nan na san ba ƙarin albashi ba ne.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya daina juyawa. Kamfaninmu yana juya kuɗin mutane a kasuwannin hannun jari na ƙasashe masu tasowa, ƙananan kasuwannin da manya ba su cika leƙawa ba. Ba ma sayen hannun jarin kamfani don yana burge mu. Mai Lissafi, abokin aikina da ke zaune a bayana, yana da manhajar da ke tace kamfanoni bisa siffa uku: wanda ya yi arha, wanda farashinsa ya kama hanyar hawa, da wanda ribarsa ke da lafiya ba bashi a wuyansa. Duk wata uku manhajar ta ce a sayar da waɗannan, a sayi waɗancan. Ni ce mai shiga kasuwa in aiwatar.

A takardar Mai Lissafi ribar ƙatuwa ce, amma kafin ta iso hannu ta rame. Dillali ya ɗebi la'adarsa, gwamnati ta ɗebi harajinta, canjin kuɗi ya gutsura. Sannan babban mai cin: da na fara saye sai farashi ya tashi, da na fara sayarwa sai ya faɗi. Kasuwannin nan kamar ɗan benci suke, mai jiki ya zauna a wannan ƙarshen sai wancan ya ɗaga.

Manaja ya ce in tsadar ciniki ta sake cinye fiye da rabin ribar a wannan zagayen, za a rufe teburina a miƙa aikin ga wani babban banki. Wata ɗaya gare ni, daga Litinin.

Na ce to. Na fito ina murmushi, har sakatariya ta ɗauka albishir aka yi mini. Ban san yadda zan yi da fuskar nan tawa ba kwanakin nan, ta daina jin maganata.

Alhamis, da safe

Warin gahawar Mai Lissafi zai hallaka ni. Na tambaye shi ko ya canja iri, ya ce shekara shida ke nan ita yake sha, kuma ban taɓa cewa komai ba. Na ja kujerata kusa da taga.

Juma'a, da rana

Mun yi faɗa mai daɗi da Mai Lissafi. Manhajarsa ta ce a sayar da wani kamfanin sabulu don kawai ya zame kaɗan daga jerin waɗanda ta fi so. Na ce, "Haba Malam, wata uku da suka wuce muka saye shi da tsada. Yanzu mu biya kuɗin fita, bayan wata uku kuma ya farfaɗo mu biya kuɗin shiga? Dillalai muke wa aiki ko masu kuɗi?"

Ya ce, "Agogo, ƙa'ida ƙa'ida ce."

Agogo suke ce mini a ofis, don ban taɓa latti ba, kuma ban taɓa tsallake tsari ba. Na ce masa yau dai Agogo ce ke roƙon a yi sassauci, ya rubuta ranar ya ajiye. Ya sosa ƙeya, ya koma kan allonsa, na ji shi yana ta ƙunƙuni da lambobi. Kafin la'asar ya juyo ya ce gaskiyata ce, duk wanda ya zame kaɗan a bar shi, sai wanda ya yi nisa za a sallama. Aikin ya ragu sosai. Na ji daɗi har na saya masa biskit, ni kuma na cinye.

Asabar, da hantsi

Maigidan ya dawo daga gyaran firjin wata mai shago da leda cike da lemon tsami, ba wanda ya aike shi. Ya same ni a kicin ya ce, "Agogo, wannan karin kumallo na nawa ke nan? Ni dai na daina ƙirga." Na jefe shi da tsumma.

Da zai wuce sai ya tsaya a ƙofar ƙaramin ɗaki, ya ɗora hannu a kan mariƙin. Ya dube ni. Na girgiza kai. Shekara uku ke nan a rufe, fentin da muka yi wancan karon ma ban san ko ya dushe ba. Ya sauke hannunsa ya tafi yana fito, wai shi ba komai.

Ba zan rubuta ba tukuna. Sau biyu na rubuta da wuri a littafin da ya gabaci wannan.

Lahadi, da yamma

Na goge kaya, na jera takalma. Gobe ƙarfe goma in sha Allah, kamar kullum: in fara da hannun jarin banki, sai na siminti, sai na kamfanin waya. Zan nuna wa Manaja teburin nan ba na ɗauka ba ne.

Litinin

Ban je ba.

Litinin, da yamma, a gadon asibiti

Abin da na gani da asuba ba zan rubuta shi ba. Na san kalarsa, na taɓa gani.

Maigidan ya tuƙa mota da silifas ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya nasa. Likita ta shafa mini abin nan mai sanyi, ta ɗora na'ura tana ta yawo da ita, ni kuwa na zuba wa fankar sama ido ina jiran shirun da na sani. Sai ga shi. Da sauri-sauri, kamar wani ƙaramin mutum yana buga ƙofa yana gaggawa.

Ta ce, "Kin ji?" Na ce na ji. Ta ce mako uku a kwance, ba hawa bene, ba ofis.

Na ce, "Likita, ina da ciniki a kasuwa."

Ta ce, "Ni ma ina da tuwon da ban tuƙa ba a gida. Kwanta."

Maigidan ya fita baranda ya daɗe. Da ya dawo idanunsa jajur, wai maganin da suke goge ƙasa da shi ne yake da yaji.

Talata, da rana, a gida

Na ce wa Manaja ciwon baya ne. Ya ce Allah ya sauwaƙe, amma wa'adin babban bankin ba a hannunsa yake ba. Ya aiko direba da kwamfutar ofis, da izinin in yi aiki daga gado.

Mai Lissafi ya kira. Ya ce jiya wani abu ya ba shi mamaki: ƙarfe goma na yi, duk abin da muke shirin saye ya tashi, duk abin da muke shirin sayarwa ya faɗi, alhali ko oda ɗaya ta saye ko sayarwa ba mu tura ba. Na ce rashin sa'a ce, ga shi mun fara da baya. Maganar ta tsaya mini a rai, na so in bi ta, amma maganin Likita ya fi ni ƙarfi. Na farka waya tana kan kumatuna.

Laraba, da asuba

Yana nan.

Alhamis, bayan azahar

Yaya ta zo da akwati, ta ce ba inda za ta sai na miƙe. Ita ta goye ni ina ƙarama, kuma har yau a wurinta ban sauka ba. Ta ga kwamfuta a kan filo, ta ɗauke ta kamar ta kama ni da ashana.

Na ce, "Yaya, kuɗin mutane ne."

Ta ce, "Mutanen suna can suna cin abincinsu. Ke kuma kin tashi kashe kanki."

Da ƙyar muka daidaita. Za ta riƙa ba ni na ɗan lokaci, in ta ga dama, in ta ga fuskata ta yi mata. Yau sai da ta gama wanki ta shanya. Na buɗe ina fargaba, sai na tarar farashin hannun jarin bankin da za mu saya ya sauko har ƙasa da na makon jiya. Ban tsaya cika lamba ta zama dubu-dubu yadda na saba ba, ɗan abin da na ga an kasa na ɗauka. Ina shirin ƙarawa ta zo ta rufe murfin a kan yatsuna.

Juma'a, da asuba

Yana nan. Na ci ƙwai uku.

Litinin, wajen sha biyu

Dogo ya kira. Shi ne dillalinmu a babbar cikin kasuwannin, mutum mai daɗin baki, ko gaisuwa ya yi maka sai ka duba aljihunka.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, lafiya kuwa? Mun ga ɗan motsi ranar Alhamis, sai kuma shiru. Yaushe za ki shigo da gaske?"

Na ce, "Wallahi Dogo ni ma ban sani ba."

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya ke nan. An fara ɓoye mana." Na rantse masa gaskiya na faɗa, dariyarsa ta ƙaru. Da ya san Yaya ce ke riƙe da jadawalin, kuma ita yau tana fushi don na ƙi shan madara.

Laraba, da yamma

Jiya siminti da rana tsaka. Yau kamfanin waya ana dab da rufe kasuwa, don Yaya ta tsaya hira da maƙwabciya ta manta da ni. Aiki ne irin wanda da a ce wani ya yi shi a gabana, sai na kai ƙararsa. Ba tsari, ba kan gado.

Maigidan ya kawo wata ƙaramar fanka da ya haɗa da tarkacen shagonsa, ya ɗaure ta a jikin gado. Tana ƙara kamar injin niƙa. Ya tsaya yana jiran yabo, na yabe shi.

Juma'a, bayan la'asar

Yau ba daɗi.

Mai Lissafi ya ce mutanen babban bankin sun zo ofis da kwat ɗinsu, Manaja ya zaga da su, har sun tsaya a teburina ɗaya ya jingina da kujerata. Rabin wa'adi ya tafi, aikin kuwa ko rabi bai kai ba. Shekara shida nake a teburin nan. Ni na zaɓi inda aka ajiye shi, ni na san wace durowa ce sai an ɗaga kafin ta buɗu. Lokacin da na dawo daga asibiti wancan karon hannu wofi, teburin nan ne ya riƙe ni, don shi kaɗai ne bai ce mini sannu ba.

Na yi kuka. Yaya ta zauna a bakin gado tana tsefe mini kai, ba ta ce uffan ba, abin da ban san ta iya ba.

Litinin, da safe

Na tashi na yi wanka na sa kayan ofis. Na ce awa biyu kawai, in tura manyan oda in gama da abin. Na nemi takalma, babu. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan ƙofa. Ko ƙafa ɗaya.

Maigidan yana tsakar gida yana kwance ƙusoshin bayan wani tsohon firji na kwastoma. Na ce, "Ina takalmana?" Ya ce shi mai gyaran firji ne, ba mai gadin takalma ba. Na ja ƙofar firjin. Ga su nan a jere a kan kantocin ciki, har da na biki, masu tsinin a wurin ƙwai.

Na so in yi masifa, dariya ta riga ta. Na zauna a kan bokiti ina dariya har da ƙwalla, shi ma ya ajiye sukundireba ya tsuguna a gabana. Ya ce, "Tebur katako ne, Agogo. In sun ɗauke zan haɗa miki wani."

Na ce, "Irin fankar nan?"

Ya ce, "Wanda ya fi ta."

Na koma na cire kayan ofis. In teburin ne, su ɗauka. Na faɗa da bakina, na kuma ji zuciyata ta yarda.

Talata, wajen sha ɗaya

Ya motsa.

Talata, bayan azahar

Da farko na ɗauka yunwa ce. Sai ya sake, can ƙasa ta hagu, ɗan taɓi kamar mai neman a kula shi. Ban taɓa kaiwa nan ba. Na kira Yaya, ta zo da kumfa a hannu, ta ɗora tafinta ta ce ita ba ta ji komai ba, amma tana faɗa tana share ido da gefen zane.

Don murna ta miƙo mini kwamfuta ba tare da na roƙa ba. Ni kuma don murna na sayar da ɗan siminti. Ban san me ya haɗa su ba, hannuna ne kawai yake neman abin yi.

Alhamis, da rana

Mun ƙulla yarjejeniya ni da shi. Abin da za a saya da farashin da ba zan wuce ba, wannan ni da Mai Lissafi muka tsayar tun tuni. Lokaci kuwa na bar masa. In ya motsa kasuwa tana buɗe, in tura oda ɗaya ƙarama. In ya yi barci, kasuwa ta jira. Yaya ta yarda da wannan, wai ai shi ba za ta yi masa gardama ba.

Jiya sau biyu kawai ya ga dama. Yau tun safe yake ta kai da kawo, har na kusa gama da kamfanin waya. Ma'aikaci ne, amma ba ya son a sa masa ido.

Asabar, da asuba

Yana nan. Ni ma ina nan.

Talata, da hantsi

Likita ta ce in ci gaba da lallaɓawa, amma ta yarda in zaga tsakar gida, ranar Juma'a kuma in leƙa ofis rabin yini. Ta ce abin da ya tsorata mu ya tsaya.

Ina dawowa Dogo ya kira, ya ce shi dai ya sallama, in gaya masa wanda ya koya mini wannan sabon salon. Na ce wane salo? Ya ce, "Hajiya, tsakanina da ke. Shekara nawa kowa a kasuwar nan ya san ki? Litinin ta farko, ƙarfe goma, banki kafin siminti, lamba cikakkiya ba ɗigo. Ba sai wani ya faɗa ba, a allo ake gani, har a sauran kasuwannin. Masu ido sukan riga ki saye da sassafe, su zauna su jira ki ki zo ki saya a hannunsu da tsada. Wannan karon sun saya sun jira, sun jira, ba ki zo ba. Suka gaji suka zubar da asara. Tun daga nan ba wanda ya iya gane ƙafarki."

Na ce, "Kai ma kana cikin masu idon?"

Ya ce, "Ni? Allah ya kiyaye. Ni dai ina da ido ne kawai."

Na ajiye waya na kwanta ina kallon silin. Ashe ƙarfe goman da nake taƙama da shi, har nake harar masu latti, shi ne ƙararrawar da nake kaɗa wa mutane su zo su ci. Na ji kunya ta kama ni, amma ba ta daɗe ba, dariya ta kore ta. Yaya ta leƙo ta ce in bi a hankali kada in girgiza mata ɗa.

Alhamis, dab da rufe kasuwa

Oda ta ƙarshe ta tafi. Sai da ya sa na jira har na fara cire rai, sannan ya yi wani juyi guda. An gama.

Juma'a, bayan na dawo

Maigidan ya fito da takalmana daga firji, ya goge su da kansa. Na ajiye manyan rigunan da nake ta ɓuya a ciki, na sa shuɗiyar nan da ba ta rufa wa kowa asiri.

Sakatariya ta dube ni ta dubi rigar, ta rufe baki da hannu. Teburina yana nan, wani ya ajiye kofi a kai ya bar shaida.

A ofishin Manaja, Mai Lissafi ya karanta sakamako. Tsadar ciniki ba ta ci ko kashi ɗaya cikin huɗu na ribar ba. Tun da aka buɗe kamfanin ba a taɓa ganin haka ba. Manaja ya ce ya riga ya kira bankin ya ba su haƙuri. Na ce na gode.

Mai Lissafi bai ko ɗago kai daga takardunsa ba, shi rigar ma bai gan ta ba. Ya ce, "Agogo, abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Na zuba lokutan odarki a manhaja in gano tsarin da kika bi, ta ce babu tsari. Musamman kwanakin ƙarshe. Wace dabara ce? Ina so in koya wa na'ura."

Na ce, "Na farkon Yayata ce. Na ƙarshen kuma ga mai shi nan." Na ɗora hannu.

Ya ɗago. Ya dubi hannuna, ya dubi Manaja, ya cire tabarau ya mayar. Ya ce, "Wato ciwon bayan..." Manaja ya ce, "Malam, kai kaɗai ne a ginin nan ka yarda da ciwon bayan." Ya turo mini kwalin tishu, amma sai da ya zari ɗaya tukuna.

An tsayar cewa Mai Lissafi zai haɗa wata 'yar manhaja mai jefa ƙuri'a ta riƙa zaɓen rana da lokaci, ta riƙe aikin in na tafi hutu. Tebur kuma zai jira ni. Da zan fita Mai Lissafi ya biyo ni da gahawarsa a bayansa, ya ɓoye ta kamar kayan sata, ya ce a gaida abokin aiki.

Asabar, da safe

Na ba Maigidan makulli. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da ya sa kafaɗa. Ƙura ko'ina, fentin ya dushe ta gefen taga, ɗan gadon yana nan a cikin ledarsa yadda muka bar shi. Mun tsaya a bakin ƙofa. Yaya ce ta ture mu ta shige da tsintsiya, tana faɗan wai mutane biyu da hankalinsu sun bar ɗaki ya zama haka.

Ya buɗe taga. Ya ce zai sa fanka a nan. Na ce ta kanti.

To, bari in rubuta. Ciki gare ni, wata biyar.

Ga shi ya motsa yanzu ina rubutun. Kasuwa a rufe take yau, sai ya yi haƙuri zuwa Litinin.